Saɓanin Cikin Gida da Shirin Kare Ƙasa: Daga Alƙalawa zuwa Bangi



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Iyayenmu sarakuna da masu gari, ranku ya daɗe. Shugabannin Fulani da suka baro ruga tun da sassafe, sannunku da hanya. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, samari da ƴan makaranta, da baƙinmu na Madawa da Buza da Keita, ina gaishe ku baki ɗaya.

An nemi in yi magana a kan abin da saɓanin addini da na siyasa ke yi wa shirin ƙasa na kare kanta. Labarin Isra'ila ne ya jawo tambayar, don ana ji a rediyo cewa ƙasar da ta fi maƙwabtanta makami tana rigima da kanta a kan wa zai shiga soja, wa zai zauna gida. Zan je can, in Allah ya yarda. Amma ba zan fara da nesa ba alhali muna zaune a nan Bangi ta Nijar, cikin ƙasar Gobir, inda aka yi wannan karatu da jini tun kafin a haifi kakannin kakanninmu.

Kowa a nan ya san karin maganar nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da nake so mu duba shi ne yadda bangon ke tsagewa, da abin da tsagewar ke ci. A iya karatuna, saɓanin gida ba ya cire wa namiji zuciya ranar da aka yi arba da abokin gaba. Mutanen da kansu ya rabu suna yaƙi, har su mutu a tsaye. Abin da saɓani ke cinyewa shi ne shekarun da ke gaban wannan rana, lokacin da ya kamata a cika rumbu, a gyara ganuwa, a saurari mai kawo labari, a san bakin wa za a bi. Ran da yaƙi ya zo sai a tarar da jarumai, shiri kuwa babu.

A ƙarshen ƙarni na 18 babu daular da ake shakka a ƙasar Hausa kamar Gobir. Ta ci Zamfara, ta kafa fada a Alƙalawa, sunan Bawa Jangwarzo kuwa har yau da shi ake yi wa Bagobiri kirari. Tana da dawaki masu lifidi, da mayaƙa masu sulke, da abokan ƙawance cikin Abzinawa. Amma talaka na kukan haraji, Bafulatani na kukan jangali, ga kuma abin da ake kira gargaɗi, wato tilasta wa mutum fita yaƙin sarki, wanda bai fita ba a ci shi tara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa wannan cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙi. Ku riƙe maganar gargaɗin nan, za mu sake cin karo da ita a wata ƙasa mai nisa.

Da Sarki Nafata ya ga jama'ar Shehu na ƙaruwa, sai ya sa aka yi shela: ban da Shehu kada wanda ya ƙara yin wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma abin da ya tarar da ubansa na yi, maza su cire rawani, mata su ajiye mayafi. Da wannan shela ya raba kowane gari biyu. A gida ɗaya sai a sami wa yana fada, ƙane yana Degel wurin Shehu. Da Yunfa ya hau, aka kai wa mutanen Malam Abdussalami hari a Gimbana, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, a watan Yuni aka haɗu a Tafkin Kwatto. Yunfa ne mai dawaki da kayan yaƙi. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, yawancinsu ƴan baka ne a ƙasa. Duk da haka rundunar Gobir ce ta watse. Sarkin da ya kwashe shekaru yana ja da malaman ƙasarsa ya wayi gari bai san wa ke tare da shi ba cikin talakawansa.

Kada wani ya ce Gobirawa ragwaye ne. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekarar, sun yi wa jama'ar Shehu ɓarna mai yawa, har mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka kwanta dama. Alƙalawa ta yi shekara huɗu tana tirjiya kafin ta faɗi a Oktoban 1808, Yunfa kuma a fagen fama ya mutu. Bayan kashin da aka sha a Gawakuke a 1836, waɗanda suka rage sun kafa Tsibiri, suka ci gaba da hana Sakkwato barci. Sai a wajajen 1860, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wani ɗan sarki mai suna Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri da goyon bayan Sakkwato, ya kafa Sabon Birni, wannan dai Sabon Birnin da ke tsallaken iyaka, wanda muke auratayya da cin kasuwa da mutanensa. Daga ranar Gobir ta zama biyu, rabin ƙarfinta ya koma gadin ɗaya rabin.

To, wanda ya ci da rabuwar wani shi ma ranarsa na tafe. Daular Usmaniyya ta fara jin ciwon tun jihadi bai ƙare ba. A 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar runduna ya nufi gabas, don ya ga son mulki da dukiya sun shiga zukatan wasu, mutanen Kano ne suka tsai da shi. Shehu na rasuwa a 1817, Abdussalami na Gimbana ya yi tawaye a Kware yana kukan an ware shi wajen rabon ƙasa. Waɗannan daular ta shanye su, don a lokacin tana da ƙuruciya. Na shekaru 20 na ƙarshe ne suka fi ƙarfinta.

Ta wajen addini, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan a wajajen 1883, ya yi sansani a Balda cikin ƙasar Adamawa, daga baya ya haɗa kai da Rabe, wanda ya ci Barno. Ga jinin Shehu yana cewa biyayya ta tashi daga Sakkwato ta koma gabas. Malam Jibrilla Gaini ya kafa tasa tutar a ƙasar Gombe, sarakunan yankin suka yi ta kai masa yaƙi ba su ci shi ba. Ta wajen sarauta kuwa, a Kano babban ƙurjin ya fashe. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafin ransa, ya ce a naɗa Tukur ɗan marigayin, don Tukur ya yi masa rana a yaƙin Argungu. Waziri Buhari ya san Kanawa ba sa so, ya faɗa, ba a ji ba. Ƴaƴan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka fice daga birni suka taru a Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu, ƙanensa Alu ya ɗauki tuta, ya shiga Kano a 1894. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka bi shi aka ci shi a Tafashiya a 1895. Wannan shi ne Basasa.

Ku duba abin da aka yi hasara. Kano ce ta fi kowace masarauta mutane da dukiya da dawaki, ga mayaƙanta sun kashe juna, magoya bayan wanda ya faɗi an kashe wasu, an sayar da wasu, an ƙwace gidajen wasu. Sarkin Musulmi ya umarci sauran sarakuna su taimaki Tukur, yawancinsu suka yi kunnen ƙashi, daga nan kowa ya gane ana iya ƙin umarnin Sakkwato a kwana lafiya. Damagaram ta ga ƙofa a buɗe, Amadu Kuran Daga ya riƙa kawo hari cikin ƙasar Kano.

A daidai wannan lokaci Turawa suka zo ta fuska biyu. A 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe mutanensa, alhali Ƙonni na ƙarƙashin Sakkwato, babu rundunar da ta fito ceto. A 1901 Abzinawan Kel Geres suka tare Faransawa a Galma, nan kusa da mu, su kaɗai, aka ci su. Ta kudu kuwa Lugga ya yi shelar mulkin Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, ya fara tsintar masarautu ɗaya bayan ɗaya: Kwantagora da Bida da Yola a 1901, Bauchi a 1902. Ba wadda ta kai wa ƴar'uwarta ɗauki. Sarkin Zazzau Kwasau da kansa ya nemi taimakon Turawa, don Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, jinin Shehu, yana kai farmaki cikin ƙasarsa. Kabawan Argungu, waɗanda suka daɗe suna gaba da Sakkwato, su suka ba Turawa masauki.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kanar Morland ya fasa ƙofar Kano da igwa, da sojojin da ba su kai dubu ba. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa gaida sabon Sarkin Musulmi Attahiru. A hanyar dawowa labari ya tarye su. Ku sawwara wannan dare a Birnin Goga. Ga dawaki a ɗaure ba iyaka, ga hakimai a zaune, wannan na cewa a je a ƙwato birni, wancan na cewa iyalinmu na hannun Nasara, a nemi sulhu. Gari na wayewa aka duba masaukin sarki, babu sarki. Ya sulale da dare ya yi arewa, a nan ƙasar Gobir aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja. Nan take runduna ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ja wasu suka nufi Kano suka miƙa wuya, shi aka naɗa sarki. Waziri Ahmadu ya ja sauran, suka yi karo da ƴan sintirin Ingila da ba su kai mutum 50 ba a Kwatarkwashi, suka yi ta sukuwa kan bakin bindiga har Waziri ya yi shahada. Wa zai kira Waziri Ahmadu rago? Amma da rabin runduna ya shiga fage.

A Sakkwato ma kan manya a rabe yake. Wasu na cewa a yi yaƙi, wasu na cewa a yi hijira gabas, wasu na cewa a yi sulhu a tsirar da addinin talakawa. Kowane ɓangare da malamansa da hujjarsa daga littafi, kuma ba na zargin ko ɗaya da rashin tsoron Allah. Sai dai shekara uku Turawa na matsowa, ba a tsai da magana ba sai da suka iso kusa. Ranar 15 ga Maris 1903 aka fita filin Giginya, kafin rana ta yi tsaka an gama. Attahiru ya yi gabas, dubban mutane suka bi shi, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Waziri Buhari ya komo ya yi sulhu.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Sojojin da suka harba bindigogin nan a Kano da Giginya, Turawan cikinsu ƴan kaɗan ne. Mafi yawa Hausawa ne da Yarabawa, da dama cikinsu bayi ne da suka gudo, ko mutanen garuruwan da aka saba kai wa farmakin bayi. Wanda ƙasa ba ta ɗauke shi ɗanta ba, shi ya dawo mata cikin kaki da jar dara.

Wani zai ce, Malam, ai bindiga mai ruwa ce ta ci mu, ko da kanmu a haɗe yake. Ban musa ƙarfin bindiga ba. Amma ku dubi Habasha. A shekarun da Kanawa ke Basasa, Sarki Menelik yana sayen bindigogi, yana sasantawa da manyan sarakunan lardunan da suka yi gaba da shi, irin su Ras Mangasha na Tigray. Italiya ta shigo da tsammanin waɗannan za su juya masa baya. Ranar 1 ga Maris 1896 a Adwa ta tarar da su duka a sahu ɗaya, mutum wajen 100,000, aka kore ta. Menelik yana da hanyar samun makami ta bakin teku wadda Sakkwato ba ta da ita, gaskiya ne. Amma shekarun da ya yi yana shiri, mu a kan gadon sarauta muka kashe su.

Yanzu mu je inda aka tambaye ni. Na san inda zukatanku suke a kan Falasɗinu, nawa ma can yake. An kashe dubun-dubatar mutane a Gaza tun daga 2023, mata da yara cikinsu ba adadi, kuma babu bayanin da zai wanke wannan. Amma mai neman ilimi yana duba yadda abu ke aiki ko a gidan wanda yake jayayya da shi. Ina kuma roƙon samarinmu su bambanta gwamnatin Isra'ila da Yahudawa a matsayin al'umma, don cikinsu akwai masu adawa da wannan yaƙi a fili.

Yahudawa sun daɗe da sanin wannan ciwo. A shekara ta 66 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, sun yi wa Rumawa tawaye. Kafin Titus, jagoran rundunar Rumawa, ya kewaye Ƙudus a shekara ta 70, ƙungiyoyi uku ne ke yaƙar juna cikin birnin, kowace na ganin ita ce mai kishi. Marubucin tarihinsu Josifus, wanda ya ga yaƙin da idonsa, ya ba da labarin yadda suka ƙone wa juna rumbunan hatsi, abincin da zai riƙe birnin lokaci mai tsawo. Da Rumawa suka iso sun haɗa kai, sun yi faɗa iyakar ƙarfinsu, amma yunwa ta riga takobi aiki. Malamansu na baya da kansu suka ce ƙiyayyar juna ce ta rushe su.

A 1948, shekarar da aka kafa Isra'ila, wadda kuma Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu, firaministanta na farko David Ben-Gurion ya yanke hukunci biyu da har yau ake jin tasirinsu. A watan Yuni wani jirgin ruwa mai suna Altalena ya iso da makaman ƙungiyar Irgun ta Menachem Begin, wadda ta so ta riƙe wani kaso don mayaƙanta. Ben-Gurion ya sa aka buɗe wa jirgin wuta a gaɓar Tel Aviv, mutum 19 suka mutu a rikicin, don a tabbatar soja ɗaya ne a ƙasa, umarni ɗaya. Begin kuma ya hana mutanensa ramawa. Hukunci na biyu, ya yafe wa ɗaliban makarantun addini wajen 400 shiga soja, don a farfaɗo da karatun da kisan kiyashin Hitila ya kusa shafewa a Turai.

Na biyun nan ne ya girma ya zama rigimar yau. A can Bayahude na cika shekara 18 sai soja, namiji kusan shekara uku, mace biyu, bayan haka a ajiye mutum cikin sojan ko-ta-kwana ana kiransa shekara da shekaru. Amma masu tsananin riƙon addini da ake kira Haredi, masu baƙar riga da baƙar malafa, suna ganin karatun Attaura ne ke tsare ƙasar, bariki kuma zai ɓata musu tarbiyyar ƴaƴa. Da Begin ya hau mulki a 1977 ya cire iyakar adadin waɗanda ake yafe wa. Su masu yawan haihuwa ne, yau sun kai wajen kashi 13 cikin 100 na jama'a, ɗalibai 400 sun zama sama da 60,000. Kotun ƙoli ta soke dokar yafewar a 2012, ta sake sokewa a 2017, ranar 25 ga Yunin 2024 kuma alƙalai tara suka yanke baki ɗaya cewa dole a ɗauke su. Amma gwamnatin Benjamin Netanyahu da jam'iyyunsu ta dogara, su kuwa a Yulin 2025 suka janye ministocinsu a kan wannan magana. Ga mai shago ko malamin makaranta an kira shi fagen daga karo na uku, ya yi watanni bai ga iyalinsa ba, ga sa'ansa a unguwar gaba bai taɓa sa kaki ba. Gargaɗin Gobir ke nan ya sake fitowa.

A kan wannan sai rigimar siyasa ta hau. A Janairun 2023 gwamnati ta kawo shirin rage ƙarfin kotun ƙoli. Dubban ɗaruruwan mutane suka riƙa fita zanga-zanga duk mako. A watan Maris ministan tsaro Yoav Gallant ya fito ya ce rabuwar ta shiga cikin soja, ta zama haɗari ga ƙasa. Washegari aka ce an kore shi, jama'a suka cika tituna cikin dare, aka fasa. A Yuli, da majalisa za ta zartar da kashin farko na dokar, sojan sama na ko-ta-kwana sama da 1,100, har da matuƙa jiragen yaƙi, suka sa hannu cewa za su daina zuwa atisaye. Jami'an leƙen asirin soja sun rubuta wa Netanyahu cewa abokan gaba na kallo, suna ganin rauni.

Ranar 7 ga Oktoba Hamas ta keta shingen Gaza, aka kashe mutum wajen 1,200, yawancinsu farar hula, aka tafi da wajen 250. Soja ya yi sa'o'i kafin ya kai wa wasu garuruwa ɗauki. Ba zan ce rigimar kotu kaɗai ta jawo wannan ba. Akwai raina abokin gaba, akwai dogaro da shinge da na'ura, akwai ƴan mata sojoji masu sa ido a iyaka da suka yi ta kai rahoton abin da suke gani ba a kula ba. Amma ku lura, waɗanda suka ce sun daina sa kaki, da aka buga gangar yaƙi sun fito, cikin ƴan kwanaki aka kira sojan ko-ta-kwana wajen 360,000. Zuciya na nan. Wata tara ne suka salwanta, watannin da idon shugabanni da hafsoshi ya koma kan juna. Falasɗinawa ma tun 2007 Fatah na Ramallah, Hamas na Gaza, kuma kowa ya ga illar da wannan ya yi wa gwagwarmayarsu.

Mu dawo gida. Bangi ba ƙasa ba ce, ba ta da runduna, tsaron iyaka aikin soja ne da jandarma da ƴan garda, Allah ya taimake su. Amma babu sojan da zai iya tsare dajin da mazaunansa ba sa magana da juna. Ku yi mini haƙuri in taɓa inda ke da ciwo. Ranar 1 ga Nuwamban 2016, a nan Bangi, rigimar ɓarnar gona tsakanin makiyaya da manoma ta zama kisa da ƙone-ƙone. Hukuma ta ce mutum 18 suka mutu, 43 suka ji rauni, cikin mamatan har da mata da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka binne nasu a ranar. Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙuri. Ban tono don in ɗora wa wani laifi ba. Na tono ne don ƴan shekaru kaɗan bayan haka masifa ta taso daga kudu, ta tarar da mu da wannan tabo.

Kun ga yadda ta kasance a tsallake. A Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Oktoban 2021 ƴan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, ba a jima ba ƴan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe sama da 40. Kowane ɓangare ramuwa yake cewa yana yi, wanda ya mutu kuwa mai tallar nono ne ko mai auna hatsi. A Nuwamban wannan shekarar Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum sama da 11,500 da suka tsallako, yawancinsu suka sauka a ƙauyuka 26 na ƙaramar hukumar Bangi. Kun ba su ɗaki, kun raba tuwo da su, Allah ya saka muku. Ku tambaye su yadda garuruwansu suka faɗi, za ku ji cewa tun kafin bindiga ta zo yarda ta riga ta tafi.

Ga yadda abin ke faruwa. Makiyayi ne ke fara ganin sawun babura a jeji da asuba, shi ke ganin inda aka kwana aka bar toka da jarkar mai. Ya dawo ruga ya zauna yana lissafi. In ya je gari ya faɗa, wataƙila a ce yaya aka yi ya sani, ai ɗan'uwansu ne, a ɗaure shi. In ɓarayin suka ji shi ya faɗa, su zo su kore shanunsa, ko su kashe shi. Sai ya yi shiru. Can cikin gari akwai mai shago da ya lura wani yaro na sayen burodi da mai da katin waya fiye da ƙarfinsa, amma yaron ɗan gidan wani babba ne na ɓangarensu, sai shi ma ya kama bakinsa. Bayan kwana biyu a shigo da dare, a tafi da matar wani da ƴarsa, da safe waya ta yi ƙara ana faɗin miliyoyin da za a kawo. Labarin da zai hana wannan yana hannun mutum biyu, kowannensu yana tsoron maƙwabcinsa fiye da ɓarawo.

Malamaina, Allah ya gafarta muku, ku ma da naku kason. A garuruwanmu da dama masallacin Juma'a biyu ne, na Izala da na Ɗariƙa. Ban zo in ce wa kowa ya bar fahimtarsa ba, saɓanin malamai ya girme mu duka. Amma in ya kai limamin nan ba zai zauna tabarma ɗaya da limamin can ba, ko don maganar yarinyar da aka sace, to ya fita daga saɓanin ilimi. Ɗan bindiga ba ya tambayar mai ƙabalu ko mai sadalu. Kun fi ni sanin abin da ya faru a Uhudu, da mutum 300 suka juya tun a hanya, da kuma maharban da suka saɓa a kan dutse.

Samari kuma, na san zafin da kuke ji, na san ana ce muku ku ɗauki makami ku kare kanku. Tsaron gari wajibi ne, amma a ƙarƙashin hukuma, da sanin mai gari, kuma da ɗan kowace ƙabila a ciki. Ƙungiyar tsaron da ƙabila ɗaya ce kawai a cikinta, komai kyan niyyarta, wata rana za ta kashe marar laifi, a zo ramuwa kan uwayenku. Kada kuma a kira baƙo mai bindiga ya raba mu da ɓarawo. A Tangaza da Gudu an karɓi Lakurawa da sunan masu korar ɓarayin shanu, daga baya su suka koma karɓar dabbobin mutane da sunan zakka suna yanke musu hukunci.

Ga hukumomi ma ina da roƙo. A 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zauna da gwamnan Maraɗi a kan tsaron iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, an rufe iyaka wata da watanni, zumuncin Yamai da Abuja ya yi sanyi. Ko wa ke da gaskiya a wannan rigima, ɗan bindiga na tsallaka iyaka a babur cikin ɗan lokaci, sojan da ke bin sa kuwa dole ya tsaya. Mu da ke bakin iyaka muna roƙon a riƙa magana tsakanin dakarun ƙasashen biyu. Muna kuma roƙon a ɓoye sunan duk wanda ya kawo labari, Bafulatani ne ko Bahaushe ko Buzu, don in aka tona ɗaya aka kashe shi, ba mai sake zuwa.

Abin da ke hannunmu kuwa kada mu jira kowa. Tun 1993 Nijar na da dokar karkara da kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, aikinsu shata burtali da makiyaya da mashaya, da auna ɓarna in dabba ta shiga gona. A raya su a kowane ƙauye. Iyayenmu masu gari da shugabannin Fulani, ina roƙonku ku zauna kafin gero ya nuna, da limaman ɓangarorin biyu, da wakilan mata, da dattawan baƙinmu na tsallake. A bi burtalin da ƙafa a ga inda gona ta cinye shi. A faɗi ranar sakin gonaki kowa ya ji, a kasuwa da masallaci da ruga. Wanda ya yi laifi a kira shi da sunansa da na ubansa, kada a kira shi da sunan ƙabilarsa. Samari kuma, saƙon muryar da ya shigo muku a WhatsApp yana cewa su wane sun kashe su wane, ku kai wa mai gari ya bincika kafin ku tura wa kowa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ɓarayi.